Sabon katin hoto ya shiga, monita ta yi duhu: ina matsalar take, kuma me ake nufi da buɗe BIOS?

Ka kwance murfin kwamfutarka ta tebur, ka zura sabon katin hoto a gurbinsa har ya yi ƙas, ka ɗaure noti, ka danna makunni. Fankoki suna juyawa, fitilun ciki suna ci, amma monita baƙa ƙirin. A wannan lokacin mutane da yawa sukan yanke hukuncin cewa kamfanin da ya ƙera kwamfutar ne ya kulle BIOS don kada a sa mata katin wani, sai su bazama neman yadda za su fasa makullin. Wannan gaggawar tana damuna ƙwarai, domin na ga kwamfutoci masu lafiya da aka kashe su murus wajen neman maganin cutar da ba su da ita. Duhun monita yana da dalilai da dama, kuma makulli na gaske yana cikin waɗanda suka fi ƙaranci.

Kafin a taɓa komai, ya kamata a san abin da ke faruwa a ƴan daƙiƙoƙin farko bayan an danna makunni. A jikin madabod, wato babban allon da duk kayan cikin kwamfutar ke haɗuwa a kansa, akwai wata ƴar cif da ke ɗauke da manhajar tushe, wadda ita ke fara tashi tun kafin Windows ko Linux su san gari ya waye. Ita ake kira BIOS. Sunan ya samo asali ne daga tsarin gudanar da kwamfuta mai suna CP/M na Gary Kildall a 1975, ya kuma bazu da kwamfutar IBM ta 1981. Daga baya Intel ta fito da wani sabon tsari mai suna EFI, wanda a 2005 aka miƙa shi ga wata ƙungiyar kamfanoni ya koma UEFI. Kusan duk kwamfutar da aka ƙera daga wajajen 2012 zuwa yau UEFI ne a cikinta, sai dai baki ya riga ya saba da BIOS, don haka ni ma haka zan riƙa kiransa. Aikinsa shi ne ya tayar da furosesa, ya gwada RAM, ya leƙa gurabun PCIe, wato inda ake zura katuna, ya ga abin da aka sa, sannan ya nemi na'urar da za ta nuna hoto. Katin hoto shi ma yana da tasa ƙaramar manhajar a jikinsa. Sai su biyun sun gaisa sun fahimci juna sannan tambarin kamfani zai bayyana a monita. Bayan haka ne ake miƙa ragama ga Windows, ita kuma ta ɗora direban katin, wato manhajar da take sarrafa shi da ita.

Wannan jerin shi ne taswirarka. Idan ko tambari bai fito ba, to Windows da direba ba su da laifi, domin ba a ma kai gare su ba. Idan tambari ya fito, sai da Windows ta fara tashi hoton ya ɗauke, to gaisuwar ta yiwu, matsalar tana gaba. Idan kuwa komai na tafiya daidai har sai ka buɗe wasa ko manhajar tace bidiyo sannan kwamfutar ta mutu ɗif, ka fara zargin wuta. Lokacin da duhun ya zo shi ke faɗa maka inda za ka duba.

Abu na farko mai sauƙi ne, amma yana kama har ƙwararru: wayar monita. Galibin kwamfutoci da zarar sun ga kati a gurbi sai su kashe ramukan hoto na jikin madabod. Idan wayar tana can sama inda ta saba zama, a mayar da ita ƙasa jikin katin. A kuma tabbatar monita tana kallon mashigar da ta dace. Idan wayar monita nau'in DisplayPort ce, a gwada nau'in HDMI. Wannan shawarar tana da tushe, domin a 2018 Nvidia ta fitar da wata manhajar gyara ga wasu katunan jerin GTX 700 da 900 da 1000 waɗanda kan nuna duhu lokacin tashi idan an haɗa su da monita mai DisplayPort 1.3 ko 1.4.

Maganar wuta kuwa tana bukatar a zauna a kanta. Dogon gurbin PCIe yana ba da wat 75 ne iyaka. Katin da ke cin fiye da haka sai an ja masa waya daga akwatin wuta: mai fil 6 tana ƙara wat 75, mai fil 8 tana ƙara 150, sabuwar mai fil 16 da ta zo da katuna irin RTX 4090 a 2022 kuma tana iya ɗaukar har 600. Kati mai ramukan wuta biyu yana son a cike su duka. A lura sosai, wayar furosesa ita ma fil 8 gare ta, kuma ta yi kama da ta katin, amma tsarin wutarsu daban ne. Idan ta ƙi shiga cikin sauƙi, kada a tilasta mata.

Inda abin ya fi tsanani shi ne kwamfutocin ofis da manyan kamfanoni ke haɗawa, musamman sirara. Akwatin wutarsu sau da yawa bai wuce wat 180 zuwa 240 ba, ba shi da wayar kati ko ɗaya, kuma mahaɗinsa da madabod na musamman ne, ba za ka ɗauko akwatin wuta na gama-gari ka sa kai tsaye ba. A wasu ma gurbin kansa ba ya ba da wat 75 ɗin cikakke, kuma akan rubuta iyakarsa a jikin bod ko a littafin kwamfutar. Irin waɗannan sai gajerun katuna marasa cin wuta, kamar GT 1030, ko RX 6400, ko nau'in GTX 1650 da ba ya bukatar ƙarin waya. Akwai ƴan wayoyin da ke juya wutar SATA, wadda ake ba diski, zuwa fil 6 ko 8, ni dai ba na son su ko kaɗan, domin mahaɗin SATA an yi shi ne don ɗaukar wajen wat 54 a layin bolt 12, kuma jan fiye da haka yana narkar da roba. Babu wani saiti a BIOS, ɓoyayye ko bayyananne, da zai ƙara wa akwatin wuta ƙarfin da ba shi da shi.

To, a ce waya daidai, wuta ta wadata, an zare katin an sake danna shi da kyau, har yanzu duhu. Yanzu ne ake bukatar shiga BIOS, kuma ba ka iya gyara abin da ba ka gani. Sai ka kashe, ka zare wayar bango, ka cire sabon katin, ka koma kan tsohon ko kan ramin madabod. Nan ma akwai tarko: furosesan Intel masu harafin F a ƙarshen lambarsu ba su da sashen hoto a ciki, haka ma yawancin Ryzen na kafin jerin 7000 in ba masu harafin G ba. Mai irin wannan dole ya nemi aron wani kati. Idan bod ɗinka yana da ƙananan fitilu huɗu masu rubutun CPU da DRAM da VGA da BOOT, ka duba wadda ta tsaya a kunne kafin ka cire komai, ita ce ke nuna matakin da tashin ya maƙale.

Kalmar "kulle" abubuwa uku take ɗauka a bakin mutane, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne.

Na farko ba makulli ba ne ma, ƙofa ce da ke rufewa da sauri. Sababbin kwamfutoci suna tashi cikin ƙiftawar ido, kafin kibod ya farka an wuce wurin. Maɓallin shiga ya danganta da maƙeri: F2 a Dell, F10 a HP, F1 a yawancin kwamfutocin tebur na Lenovo, Del a bod ɗin ASUS da MSI da Gigabyte. Kibod mai waya ya fi mara waya a nan. Idan duk ya ƙi, daga cikin Windows ka danne Shift ka zaɓi Restart, ka bi Troubleshoot, Advanced options, sannan UEFI Firmware Settings. A Linux umarnin systemctl reboot --firmware-setup yana yin aikin. Bayan ka shiga ma kana iya ganin shafi ɗaya tak mai ƴan bayanai, ka ɗauka an ɓoye sauran. A bod ɗin ASUS da MSI danna F7 kawai ke buɗe cikakken shafin.

Na biyu kalmar sirri ce, kuma ta fi yawa a kwamfutocin da suka yi aiki a ma'aikatu kafin a sayar da su. Takan zo iri biyu: wadda ke hana kwamfutar tashi sam, da ta mai kula wadda ke barinka ka leƙa saituna amma ba ka iya canza ko ɗaya. Tsohuwar dabarar cire batir mai kama da kwabo, CR2032 mai bolt 3, na ƴan mintuna tana aiki a bod ɗin da ake haɗawa da hannu, domin tana goge saituna gaba ɗaya. A kwamfutocin ofis kuwa sau da yawa ana ajiye kalmar a wurin da ɗaukewar batir ba ta shafa. Da yawansu suna da wata ƴar hular roba a kan fil biyu, an rubuta PSWD a gefenta. Ana cire ta, a kunna sau ɗaya, a kashe, a mayar da ita, kalmar ta tafi. Sababbin samfura wasu an cire musu wannan hanyar, sai dai a tuntuɓi maƙerin da shaidar mallaka. Ina ganin wannan daidai ne. Idan kwamfutar ta wurin aiki ce ko ta makaranta, mai kula da ita ake tambaya, domin da dalili aka sa kalmar.

Na ukun, wato saitunan da aka ɓoye da gangan, zan dawo kansa. Bari mu fara da abin da za ka yi da zarar ka samu shiga.

Ka ɗauki hoton kowane shafi da wayarka kafin ka canza komai. Sannan, idan diskinka yana da BitLocker, wato makullin da Windows ke sa wa fayilolin diski, ka tabbatar lambar ceto mai alƙaluma 48 tana hannunka, ko ka dakatar da shi na ɗan lokaci. Sababbin kwamfutoci da yawa suna zuwa da shi a kunne ba tare da mai su ya sani ba, kuma taɓa saitin tsaro na Secure Boot ko sabunta BIOS na iya sa ya nemi wannan lambar. Wanda ba shi da ita ya yi asarar fayilolinsa a kan katin hoto.

Saitin da ya fi sauƙi shi ne na zaɓen na'urar hoto ta farko, wanda kan zo da suna Primary Display ko Initial Display Output. A sa shi a kan PCIe ko PEG, ko a bar shi Auto.

Zuciyar al'amarin tana wajen gaisuwar da na ambata. Tsofaffin katuna suna magana da BIOS da tsohon yare, wato manhajar VGA ta zamanin da. Sababbi suna da wani yare da ake kira GOP, wanda shi UEFI ke ji. Katuna da yawa na tsakiyar zamani suna ɗauke da duka biyun. A ɓangaren madabod kuma akwai tafinta mai suna CSM, wanda wasu maƙera ke rubuta shi Legacy Support ko Legacy Option ROMs, shi ke ba UEFI damar jin tsohon yare. Daga nan matsaloli biyu ke fitowa, kowacce kishiyar ɗayar. Idan ka sa tsohon kati mara GOP a kwamfutar da aka kashe mata CSM aka kunna Secure Boot, duhu za ka gani, domin Secure Boot, wanda ya zo gadan-gadan da Windows 8 a 2012, ba ya barin a tayar da manhajar da ba ta da sa hannun da ya amince da shi. Maganin shi ne a kashe Secure Boot a kunna CSM. Idan kuma sabon kati ne a tsohuwar kwamfuta ta wajajen 2010 zuwa 2012, lokacin da ake tsakiyar ƙaura daga BIOS zuwa UEFI, manhajar bod ɗin tana iya rikicewa wajen karanta ta katin, ta tsaya cak a tambari ko ta yi ta ƙara. A nan abin da ya fi yin magani shi ne sabunta BIOS zuwa na ƙarshe da maƙerin ya fitar don wannan samfurin, tun tsohon katin yana ciki. Irin wannan rashin jituwar ce mutane ke fassarawa da cewa an haramta katin wani kamfani. A kwamfutocin tebur abin da ake samu galibi tsohuwar manhaja ce da aka rubuta kafin a haifi katin, aka kuma daina sabunta ta.

Sabunta BIOS kansa yana son natsuwa: fayil ɗin samfurinka daidai, daga shafin maƙerin, da wutar da ba za ta ɗauke a tsakiya ba.

Kashe CSM yana da nasa sharaɗin. Windows ɗin da aka ɗora a tsohon tsari tana zaune ne a kan diski mai tsarin MBR, kuma UEFI zalla ba ya tayar da irin wannan, GPT yake nema. Mutum ya kashe CSM, hoto ya dawo, sai kwamfutar ta ce ba ta ga abin tashi ba, hankalinsa ya tashi ya ɗauka diski ya mutu. Diskin lafiyarsa ƙalau. Ka buɗe msinfo32, shafin bayanan kwamfuta na Windows, tun farko ka duba layin BIOS Mode. Idan Legacy ne, akwai manhajar mbr2gpt da ke cikin Windows 10 tun fitowar 1703 a 2017, wadda ke juya diskin ba tare da goge fayiloli ba, ko da yake ni ba na yin wannan sai na kwafe muhimman abubuwa gefe. Mai niyyar hawa Windows 11 dama ba shi da zaɓi, domin ita UEFI take bukata da sashen tsaro na TPM 2.0.

Sai saurin gurbi. An tsara PCIe yadda sabo da tsoho za su yi aiki tare, kati na zamani na 4 ya shiga gurbi na zamani na 3 ya rage gudu kawai. Amma wani lokaci daidaitawar tana ci tura, musamman idan an sa wayar tsawaita gurbi a tsakani. Idan saitin yana nan, a sauke shi daga Auto zuwa Gen3 a gwada. Kati mai layi 16 ba ya asarar abin a zo a gani da wannan. Mai layi 4 kamar RX 6400 shi ne ke jin jiki.

Akwai kuma Above 4G Decoding da Resizable BAR. A al'ada furosesa tana leƙa ma'ajiyar katin ne ta wata taga mai faɗin megabait 256 kacal. Resizable BAR yana buɗe tagar ta kai girman ma'ajiyar duka. AMD ta tallata shi a 2020 da sunan Smart Access Memory, Nvidia ta biyo baya a 2021 da jerin RTX 30. Yana bukatar a kunna Above 4G Decoding a kuma kashe CSM. Ga yawancin katuna ƙari ne kawai, hoto zai fito ko babu shi. Katunan Intel Arc ne ke raguwa sosai idan ba shi, don haka mai tsohuwar kwamfuta ya bincika wannan kafin ya saya. Duk waɗannan saitunan, ɗaya bayan ɗaya ake canza su, a adana, a gwada. Wanda ya juya biyar a lokaci guda, ko ya dace bai san wanne ya yi aiki ba, in kuma ya lalace bai san wanda zai mayar ba.

Idan tambari yana fitowa, Windows ce ke rikicewa, aikin ya koma kan direba. Ragowar tsohon direba, musamman idan an sauya daga AMD zuwa Nvidia ko akasin haka, yana iya kawo duhu ko ƙyaftawar hoto. A shiga Safe Mode, wato yanayin da Windows ke tashi da ƙananan direbobi kawai, a share shi da manhajar goge direba mai suna DDU, a ɗora sabo daga shafin maƙerin katin. A Device Manager, shafin da Windows ke jera na'urorin kwamfutar, ganin Microsoft Basic Display Adapter yana nufin an ga katin, direba ne babu. Code 12 na nufin babu isasshen wurin da za a ware wa katin, kuma kunna Above 4G Decoding kan warware shi. Code 43 kuwa direba ne ke cewa katin ya ba shi amsar da ba ta dace ba, abin da kan faru da katin da ya lalace, ko wanda aka sauya masa manhaja don haƙar kuɗin kirifto, ko na jabu da aka liƙa wa sunan babba. Hanya mafi gajarta ta raba gardama ita ce a gwada katin a wata kwamfutar.

Yanzu makulli na uku. Gaskiya ne cewa manyan maƙera suna karɓar manhajar tushe daga kamfanoni irin su AMI da Insyde da Phoenix, sannan su ɓoye shafuka da yawa don rage abin da mai saye zai iya lalatawa. Sau da yawa saitin yana nan a ciki, ba a nuna shi ne kawai. Masu zurfin sani suna bin hanya biyu. Ɗaya ita ce su ciro fayil ɗin BIOS, su buɗe shi da UEFITool, su gano adireshin da aka ajiye ƙimar saitin, sannan su canza ta kai tsaye daga wurin rubuta umarni na UEFI, wato UEFI Shell, ba tare da sun taɓa manhajar kanta ba. Ɗayar kuma ita ce su gyara fayil ɗin su sake rubuta shi a cif. Ta farkon ma tana da haɗari, domin adireshin yana sauyawa daga fitowa zuwa fitowa, lambar da ta yi wa wani aiki a samfuri irin naka tana iya taɓa wani abu daban a naka, kuma cire batir ba lallai ya mayar da ita ba. Ta biyun ta fi muni. Sababbin kwamfutoci suna ƙin karɓar fayil ɗin da ba maƙerinsu ya sa wa hannu ba, kuma a waɗanda aka kunna wa tsarin kariya na Intel Boot Guard, idan aka taɓa sashen da yake karewa aka tilasta rubutawa, bod ɗin ba zai sake tashi ba sai an mayar da na asali.

Ban ce kada kowa ya taɓa gwadawa ba. Akwai wanda bukatarsa ta gaske ce, kamar mai son Above 4G Decoding a bod ɗin da ya ɓoye shi, kuma ya riga ya tabbatar da cewa katin yana aiki a wata kwamfutar, wuta ta isa, BIOS na ƙarshe ne. Irin wannan mutumin ina ba shi sharaɗi ɗaya kafin ya fara: ya mallaki na'urar karanta cif irin CH341A da maƙallinta, ya duba ƙarfin wutar da cif ɗinsa ke ɗauka, domin wasu bolt 3.3 ne wasu kuma 1.8, na biyun sai da adafta. Ya zare wayar bango, ya karanta abin da ke cikin cif ɗin sau biyu, ya gwada fayilolin biyu ya ga sun zo daidai babu bambancin ko bait ɗaya, sannan ya ajiye kwafin a wata na'ura daban. A cikin wannan kwafin akwai lambar siriyal ta kwamfutar, sau da yawa har da lasisin Windows da adireshin katin sadarwa, waɗanda fayil ɗin da ke shafin maƙeri ba ya ɗauke da su.